Muhawara: Jocelyn Alo, bugu 122, da abin da ke jiran 'yar wasan sofbol bayan jami'a

Malama Hadiza:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina so mu tattauna a kan wata 'yar wasa mai suna Jocelyn Alo, wadda ta buga wa Jami'ar Oklahoma ta Amurka ƙwallon sofbol daga 2018 zuwa 2022. An haife ta a 1998, ta tashi a Hauula, wani ƙaramin gari da ke gaɓar teku a tsibirin Oahu na jihar Hawai. A cikin shekarunta na jami'a ta buga ƙwallo ta tsallake shingen fili sau 122, adadin da babu wanda ya taɓa kaiwa kafin ita a babban rukunin jami'o'in ƙasar, mace ko namiji, domin ko a besbol na maza tarihin da Pete Incaviglia ya kafa a 1985 a kan 100 ya tsaya. Sau biyu a jere, a 2021 da 2022, aka zaɓe ta gwarzuwar shekara, kuma a shekarun biyu jami'arta ce ta ɗauki kofin ƙasa.

Abin da ya dame ni shi ne, ranar da ta buga wasanta na ƙarshe a watan Yunin 2022 shekarunta 23 kacal, amma ta riga ta taka matakin da ya fi kowane girma a wannan wasa a ƙasarta. Namiji mai irin bajintarta a lokacin ne ƙofar arziki take buɗe masa. Ita kuwa daga nan 'yan kallo suka ragu, kuɗi suka ragu, ƙungiyoyin da za ta shiga ma ba su da tabbas. Ina ganin wannan tauye haƙƙi ne, kuma ina so in ji ra'ayinku.

Nasiru:
Wa alaikumus salam. Anti Hadiza, kafin manya su shiga maganar, a taimaka wa irinmu da ba mu san wasan ba. Yaya ake buga shi, kuma mene ne wahalar tsallake shingen har ake ƙirga shi a matsayin tarihi?

Dakta Aminu:
Nasiru, tambayarka ta dace. Sofbol ɗan'uwan besbol ne, sai dai filinsa ya fi ƙanƙanta, ƙwallonsa kuma ta fi girma. Ƙungiyoyi biyu ne suke karɓa-karɓa, ɗaya tana bugu ɗaya tana tsaro, har zagaye bakwai. Mai jifa tana tsayawa kimanin mita 13 daga mai bugu, sai ta wulwula hannunta zagaye guda cikakke, ta saki ƙwallon daga ƙasa, daidai ƙugunta. Ƙwararru suna jifa da gudun da ya haura kilomita 110 a sa'a guda, wato ƙwallon tana isowa cikin ƙasa da rabin daƙiƙa, kuma ba a miƙe take zuwa ba: wata tana yin sama, wata tana nutsewa ƙasa, wata tana karkacewa gefe, wata kuma ana rage mata gudu da gangan don mai bugu ta kai sanda kafin lokaci.

Idan mai bugu ta sami ƙwallon, sai ta ruga ta taka tashoshi uku da ke da tazarar kimanin mita 18 a tsakaninsu, ta dawo gida, a rubuta maki ɗaya. Idan kuwa ta buga ƙwallon ta haye shingen da ke nesa da mita 60 ko fiye, babu mai iya tare ta. Ita da duk abokan wasanta da ke kan tashoshi za su zagayo gida a natse. Wannan bugun ne Alo ta yi sau 122. A wannan wasa duk wadda take samun bugu mai kyau sau huɗu cikin goma ana yi mata kallon gwana, amma a 2022 Alo ta samu fiye da sau biyar cikin goma.

Malam Ibrahim:
Malama Hadiza, ban musa cewa yarinyar gwana ce ba, amma a yi adalci wajen lissafi. Lauren Chamberlain, wadda take riƙe da tarihin kafin ita da bugu 95, ita ma 'yar Oklahoma ce, kuma a shekara huɗu ta yi nata, daga 2012 zuwa 2015. Alo kuwa shekara biyar ta samu, saboda NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka, ta ƙara wa 'yan wasa shekara guda bayan annobar korona ta katse kakar 2020. A ƙarshen shekararta ta huɗu bugu 88 take da su, ba ta kamo Chamberlain ba. Na biyu, mafi yawan wasanninta bugu kawai take yi, ba ta fita tsaro, saboda haka ba ta ɗauki gajiyar da sauran suke ɗauka ba. Na uku, tana cikin ƙungiyar da kowace mai bugu abar tsoro ce, musamman Tiare Jennings, don haka masu jifa ba su da damar kauce mata kullum. Da a ƙaramar jami'a take, da ba za ta ga ƙwallo mai kyau ba balle ta buga.

Malama Hadiza:
Malam Ibrahim, lissafinka daidai ne, amma bai kai ƙarshe ba. Ga yadda bugun ya kasu: 30 a 2018, 16 a 2019, 8 a 2020, sannan 34 a 2021 da 34 a 2022. Kakar 2020 a watan Maris aka tsayar da ita, ko rabi ba a yi ba. To, mu cire waɗannan takwas ɗin gaba ɗaya kamar ba a buga su ba, mu bar mata cikakkun shekaru huɗu kamar kowa. Saura 114, wato har yanzu ta zarce 95 da bugu 19.

Batun cewa ba a kauce mata kuwa, abin da ya faru a farkon 2022 ya isa amsa. A watan Fabrairu ta cimma 95, daga nan masu jifa suka daina ba ta ƙwallon da za ta iya kai wa sanda, suna jefa ta can gefe da gangan, suka gwammace ta tafi tashar farko kyauta da a rubuta sunansu a matsayin waɗanda aka kafa tarihi a kansu. Kusan mako uku aka yi a haka, kamar ɗan damben da ya shiga fage kowa ya noƙe. Sai ranar 11 ga Maris, a birnin Honolulu, a karawa da Jami'ar Hawai, gaban iyayenta da danginta da mutanen garinsu, ta sami ƙwallon da take jira ta aika da ita bayan shinge. 'Yan kallon da aka ci ƙungiyarsu su ne suka miƙe suna yi mata tafi. Wannan haƙurin na ƙin kai sanda ga ƙwallon banza, alhali duniya ta zuba mata ido, a wurina ya fi ƙarfin damtsen wuyar samu.

Hajiya Bilki:
Ni a matsayina na uwa, ba adadin ne ya ja hankalina ba, sai yadda aka raini yarinyar. An sha ba da labarin cewa tun tana 'yar shekara huɗu mahaifinta yake fita da ita fili yana jefa mata ƙwallo ɗaruruwa safe da yamma, kuma da ta tasa sai ya riƙa kai ta Kalifoniya lokacin hutu don ta buga da ƙungiyoyin da masu horarwa na jami'o'i suke zuwa kallo. Ga shi har kokawa ta yi a sakandare, ta zama zakarar jiharsu a 2015. Allah ya saka wa uban da alheri, domin ba kowane uba ne yake tsayawa wa 'ya mace haka ba. Amma ina tambaya, Malama, wannan nauyin bai yi wa yarinya yawa ba? Ga shi ke da kanki kin nuna cewa a 2019 bugunta ya faɗo daga 30 zuwa 16.

Malama Hadiza:
Hajiya, kin taɓo wurin da ya fi muhimmanci a labarin. Bayan ta yi 30 a shekarar farko, sai kowa ya sa ran za ta maimaita, ita ma ta ɗora wa kanta wannan buri, har wasan ya daina yi mata daɗi. Mai horar da su, Patty Gasso, wadda take riƙe da ƙungiyar tun 1995, ta lura da haka, sai ta yanke hukuncin da ba kowa zai iya ba: ana tsakiyar kaka ta umarci fitacciyar 'yar wasanta ta ajiye sanda na wasu kwanaki, babu atisaye babu wasa, ta je ta zauna a matsayin ɗaliba kawai. Alo ba ta ji daɗin hukuncin ba a lokacin, amma daga baya ta sha faɗa a bainar jama'a cewa hutun ne ya dawo mata da son wasan. A shekarar sun kai wasan ƙarshe, jami'ar UCLA ta doke su. Shekara biyu bayan haka ne aka ga amfanin abin da Gasso ta yi.

Saboda haka nake cewa uba shi ya dasa, amma jami'a ce ta yi ban ruwa. Da ta faɗa hannun mai horarwar da nasarar mako mai zuwa kawai take hange, da an ci gaba da matsa mata har ta karye.

Dakta Aminu:
Ina so in ƙara wani abu a kan maganar Malama, domin jami'ar ma ba don kirkinta kaɗai ta yi ba, doka ce ta tilasta. A watan Yunin 1972 shugaba Nixon ya sa hannu a kan dokar da ake kira Title IX, wadda ta haramta nuna bambancin jinsi a duk wata makarantar da take karɓar kuɗin gwamnatin tarayya. Dokar ba ta ambaci wasanni da suna ba, amma a can ne tasirinta ya fi fitowa, domin jami'ar da take kashe maƙudan kuɗi a kan ƙwallon maza dole ta buɗe wa mata ƙungiyoyi da guraben tallafin karatu. Ɗaya daga cikin waɗanda suka tsaya tsayin daka a kan dokar ita ce Patsy Mink, 'yar majalisar wakilai daga Hawai, kuma bayan rasuwarta a 2002 aka sa wa dokar sunanta. Shekara goma bayan dokar, a 1982, NCAA ta fara shirya gasar sofbol ta mata. Alo ta kammala a 2022, daidai lokacin da dokar ta cika shekara 50.

Amma kada a ɗauka an gama aiki. Sakandaren da Alo ta gama, James Campbell, ita ce 'yan mata 'yan wasa suka kai ma'aikatar ilimin jihar ƙara a kanta a 2018, saboda maza suna da ɗakin sauya tufafi su kuwa babu, har sai a 2023 aka sasanta. A matakin jami'a ma, shekaru da yawa ƙa'idar ita ce guraben tallafi 12 kacal ga ƙungiyar sofbol mai 'yan wasa 20 ko fiye, don haka ake gutsuttsura su, yawancin 'yan matan iyayensu ne suke cika sauran kuɗin makaranta. A gasar ƙarshe ta cin kofin ƙasa a 2021 an matse jadawali har wani wasa ya kai bayan ƙarfe biyu na dare, masu horarwa suka yi ta ƙorafi, sannan a shekara mai bi aka ƙara kwanakin gasar.

Malam Ibrahim:
Na karɓi lissafin 114, Malama, ba ni da ja a kansa. Inda har yanzu ban gamsu ba shi ne kiran abin da ya biyo baya tauye haƙƙi. Doka tana iya tilasta wa makaranta, domin kuɗin jama'a take ci, amma ba ta iya tilasta wa mutum ya sayi tikiti. Mutanen da suke cika fili a birnin Oklahoma, jami'arsu suke so, rigarta suke sawa, iyayensu ma can suka yi karatu. Idan aka ɗauki 'yar wasan nan aka sa mata rigar wata sabuwar ƙungiya da ba ta da tarihi, wannan ƙaunar ba ta biyo ta. Shi ya sa gasar ƙwararru ta National Pro Fastpitch ta yi shekaru tana tangal-tangal har ta rufe a 2021. Ba wanda ya ƙwace wa Alo komai. Kasuwa ce ba ta kai ba. Kuma ta fita da ilimin jami'a da suna, abin da dubban 'yan mata suke nema ba su samu ba.

Dakta Aminu:
Malam Ibrahim, akwai gaskiya a maganarka, amma bari in faɗi abin da idona ya gani a filin da ake gasar ƙarshe, wanda yake ɗaukar mutum kimanin 13,000. Babban kaso na 'yan kallon ba tsofaffin ɗalibai ba ne. Ƙananan 'yan mata ne da suka zo ƙungiya-ƙungiya daga jihohi masu nisa, kowacce da rigar ƙungiyar garinsu, da ƙyalle ɗaure a gashi, da safar kama ƙwallo a hannun hagu ko Allah zai sa wata ta faɗo kusa da ita. Bayan an tashi sai su yi dogon layi a bakin shinge, riƙe da ƙwallo mai ruwan ɗorawa da alƙalami, suna jiran sa hannu. Waɗannan yaran wasan suke so da 'yan wasan, ba tambarin makaranta ba. A 2021, da Odicci Alexander ta ƙaramar jami'ar James Madison ta doke Oklahoma a wasan farko, filin gaba ɗaya ya miƙe mata lokacin da aka fitar da ƙungiyarta daga baya, har da magoya bayan Oklahoma.

Malama Hadiza:
Abin da zan ɗora a kan wannan shi ne, kasuwa ba daga sama take faɗowa ba, gina ta ake yi. Gasar jami'o'in ma ba haka ta fara da cikar fili ba. An ajiye gasar ƙarshe a birni ɗaya, wato birnin Oklahoma, tun 1990, in ban da shekarar 1996, tashar ESPN ta riƙa nuna wasannin a lokacin da mutane suke gida, aka faɗaɗa filin, sannan 'yan kallo suka zo, har a 2021 masu kallonta a talabijin suka zarce na takwararta ta besbol ɗin maza. Gasar kwando ta mata, WNBA, da ta fara a 1997, shekara nawa hukumar kwandon maza ta NBA ta yi tana ɗauke da ita kafin ta tsaya da ƙafarta? Sofbol bai sami mai yi masa wannan haƙurin ba sai kwanan nan.

Ku dubi hanyar da Alo ta bi bayan jami'a. A 2022 ita aka fara zaɓa a sabuwar gasar ƙwararru ta WPF, a 2023 ta koma ƙungiyar Oklahoma City Spark, daga baya ta buga a wata gasar ƙwararru mai suna Athletes Unlimited, duka kaka ce ta 'yan makonni a lokacin zafi, ba aikin da mutum zai dogara da shi shekara guda ba. Tun kafin ita, manya irin su Monica Abbott Japan suke tafiya, inda kamfanoni kamar Toyota suke da ƙungiyoyi suna biyan albashi. Gasar Olamfik ma ba ta yi musu adalci ba: an buga sofbol daga 1996 zuwa 2008, aka cire shi, aka dawo da shi sau ɗaya a Tokyo inda Japan ta doke Amurka da ci 2 da nema, aka sake cire shi a Paris a 2024, lokacin da Alo take kan ganiyarta. Yarinyar da ta ba da ƙuruciyarta gaba ɗaya ga abu, ta fi kowa iya shi, sannan a ce babu inda za ta yi shi a matsayin sana'a, ni dai ban san wani suna da zan kira wannan da shi ba.

Hajiya Bilki:
To, Dakta, su da suke cika fili haka suna jawo wa makaranta kuɗi, ba a ba su komai ne tun suna ɗalibai? Kuma karatun fa, ana yin sa da gaske?

Dakta Aminu:
Hajiya, karatu wajibi ne. Dole 'yar wasa ta kasance cikakkiyar ɗaliba, kuma idan makinta ya faɗi ƙasa da ƙa'ida za a dakatar da ita daga wasa. A rubuce, atisaye da wasa ba sa wuce sa'a 20 a mako lokacin kaka, sai dai tafiye-tafiye ba sa cikin wannan lissafin, ga shi ƙungiya tana buga wasa 50 zuwa 60 a cikin wata huɗu.

Game da kuɗi kuwa, har zuwa ranar 1 ga Yulin 2021 haramun ne ɗalibi ɗan wasa ya karɓi ko sisi don an yi talla da sunansa ko hotonsa. Wato Alo ta yi shekara huɗu tana cika fili a ƙarƙashin wannan haramci, shekararta ta ƙarshe kaɗai ta ci moriyar sabon tsarin. Waɗanda suka zo bayanta su ne suka tsinci dami a kala. A 2024 mai jifa NiJaree Canady ta bar Stanford ta koma Texas Tech bisa yarjejeniyar da ta haura dala miliyan ɗaya a shekara, kuma a 2025 ta kai su wasan ƙarshe a karon farko a tarihinsu, inda Jami'ar Texas ta yi nasara a kansu. Ku kwatanta da kwantiragin Monica Abbott na 2016, wanda aka yi ta yayatawa: dala miliyan ɗaya ne shi ma, amma a shekara shida.

Malam Ibrahim:
Wannan misalin na Canady ai hujjata ya ƙarfafa, Dakta. Attajiran da suka tara mata kuɗin magoya bayan jami'arsu ne, so suke makarantarsu ta ɗauki kofi. Yanzu an kai matsayin da ɗaliba take samun abin da ƙwararriya ba ta samu, kuma ranar da ta karɓi takardar digiri albashinta zai faɗi. Na san a 2025 an buɗe sabuwar gasar ƙwararru ta sofbol mai suna AUSL da ƙungiyoyi huɗu, kuma hukumar besbol ta MLB ta zuba jari a ciki. Idan ta yi shekara goma tana biyan albashin da mace za ta riƙe gida da shi, zan yarda cewa masu kuɗi ne suka yi sakaci tun farko. Kafin nan ina nan a kan bakana.

Malama Hadiza:
Sharaɗinka ya yi, Malam, sai dai shekara goman nan da kake jira su ne shekarun ƙarfin Alo da tsararrakinta, kuma ba za a dawo musu da su ba. A 2028 sofbol zai koma Olamfik, kuma duk da cewa Los Angeles ce mai masauki, a birnin Oklahoma za a buga wasannin, a filin da ta ɗaga kofi sau biyu. Lokacin tana da shekara 29, kuma sai ta yi takarar gurbi da 'yan matan da suka fito daga jami'a jiya, waɗanda suke buga wasa 60 a shekara da likitoci da masu horarwa a kansu, alhali ita 'yan makonni take samu.

Nasiru:
Na gode ƙwarai, na ƙaru. Yaya Dakta, wanda yake so ya fara bin wasan, yaushe ake yin sa?

Dakta Aminu:
Ana fara kaka a farkon Fabrairu. A tsakiyar Mayu ake zaɓar jami'o'i 64, a raba su gida 16, kowane gida ƙungiya huɗu. Waɗanda suka tsira su 16 sai su kara biyu-biyu, duk wadda ta ci wasa biyu cikin uku ta wuce, sannan takwas ɗin ƙarshe su hallara a birnin Oklahoma daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni. Idan kana son ganin Alo a kan ganiyarta, nemi wasansu na biyu da UCLA a zagayen kusa da na ƙarshe na 2022, wanda suka ci 15 da nema bayan an doke su a na farko a wannan ranar, ita kuma ta tsallake shinge sau biyu. Ka lura da ƙafafunta da ƙugunta kafin ka kalli hannun, domin daga can ƙarfin bugun yake tasowa.